Zaman Kallo a Ɗakin Zane

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar 'ya ga uba, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da Yaya Babba da iyalinsa. Yaya hannun? Ina fata rawar da yake yi ta ragu. Mu nan lafiya lau. Umma tana gaishe ka, ta ce in shaida wa ƙaninta hawan jinin ya sauka, amma kada ka yarda, jiya ma na kama ta tana ƙara gishiri a ɓoye. Na san in waya na kira, a "Me kika ce?" za mu ƙare, shi ya sa na ba direban da ke bin hanyarku wannan.

Kawu, ɗakin zanen da ka bar mini yana cikin wani hali. Malam Mai Yumɓu, wanda ka bar mu tare lokacin da ka yi ritaya, an ɗauke shi tun farkon zango an kai shi wata makaranta, kuma ba a turo kowa a madadinsa ba. Ni ce ga zane, ni ce ga ƙira, tun daga 'yan aji ɗaya har 'yan ajin ƙarshe. Ban gama haɗiye wannan ba sai ga sabon jadawali a manne a ƙofar ofis. Darasi biyu a haɗe da kowane aji ke samu an datse shi, an bar ɗaya a mako, shi ma na dab da tashi. Kai ka san yadda abin yake. Kafin yara su taso daga ajinsu, a raba kwali, a raba fensir, a raba faɗa, a zuba ruwa a gwangwanaye, rabin lokacin ya tafi. Suna tsoma buroshi a fenti sai ƙararrawa. Yumɓu kuwa kafin mako ya zagayo ya bushe ya tsattsage, sai dai mu fasa mu sake jiƙawa.

Lokacin da aka rage mini an cike shi da lissafin 'yan aji biyu. Ni fa, Kawu! Ni da ka sha yi wa dariya wai ko canjin mai shago sai na ƙirga da yatsu. Da dare in koya, da safe in koyar.

Zaman kallon nan naka, da ake ɗora abu a kan tebur yara su yi ta dubansa kafin su taɓa fensir, shi kam na ajiye shi. Yanzu da sun shigo sai in ce a fara.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar Shugaba. Ya ce a ƙarshen shekara za a zauna a duba ko darasin zane zai ci gaba, ko a cire shi daga makarantar gaba ɗaya. Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Bahaguwa,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma har yanzu rubutunki yana kwanciya baya kamar mai jin barci. Lafiyarmu ƙalau. Hannu yana nan yana rawarsa, ni da shi mun saba. Ki gaishe mini da Yaya, ki ce mata in ba ta bar gishirin nan ba zan zo da kaina in kwashe shi.

Na ji labarin Malam Mai Yumɓu, na ji na jadawali, kuma raina ya ɓaci. Amma duk ba su tsaya mini a wuya ba kamar layi ɗaya da kika rubuta kika wuce abinki, sai ka ce labarin tsintsiya kike bayarwa. Wai kin ajiye zaman kallo. Kin ajiye shi a ina? A ƙarƙashin gado?

Ke da kanki kin zauna a bencin nan. Kin manta ranar da na ɗora tsohon takalmina a tebur na ce ba mai taɓa fensir sai ƙararrawar farko ta buga? Kina ta mutsu-mutsu, kina zumɓura baki, sai can kika ɗaga hannu kika ce, "Kawu, au, Malam, ashe mai takalmin nan ɗingishi yake yi, gefe ɗaya ne ya cinye." Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa a ranar na san za ki yi zane. Yaron da ba a koya wa gani ba, abin da ke cikin kansa zai zana, ba abin da ke gabansa ba. Duk wanda ka ce ya zana gida sai ya yi akwati da hula. Darasin farko na ido ne, na biyu na hannu. Shekara da shekaru a kan haka na tsaya, shugabanni nawa suka zo suka tafi, ba wanda ya girgiza ni.

Ina jin tsoron ko kin fara irin aikin nan na a gani a yaba, a cika bango da launi don manya su ce sannu. In haka ne, to ba jadawali ne zai kashe darasin ba, a hannunki zai mutu. An rage miki lokaci sai ki yar da kan ki riƙe jela? Da a ce fenti kika ajiye da ban ce uffan ba.

Na faɗa da zafi don ke ce. In irin wannan labarin za ki riƙa aiko mini, ki huta da ɓata takarda.

Kawunki

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya ke da Yaya. Mu nan sai godiya. Likita ya canza mini magani, sabon yana sa ni barci da rana tsaka, in farka in tarar yaran gidan sun ɗora mini hula a kan hanci.

Direba ya zo, ya sake zuwa, ya kuma zuwa. Duk zuwan da ya yi sai in fita bakin titi da sandata, shi kuma ya ɗaga mini hannu wayam. Shekaranjiya har kunya ta kama shi, ya sauko ya ba ni lemo. Na tambaye shi ko lafiya kike, ya ce ya gan ki da idonsa kina tsallaka titi da tarin littattafai a ka. To tunda lafiya kike, fushi ne ke nan.

Innarku ta karanta abin da na rubuta miki tun kafin in liƙe, ta ce in cire layin ƙarshe, na ƙi. Yanzu kullum sai ta tuna mini. Haba Bahaguwa, yaushe kika fara ɗaukar maganata a kan harafinta? Ni da na sha cewa zan kore ki daga aji, na taɓa korar ki? Tsoho ne ya yi mita, shi ke nan.

Ki rubuto ko layi biyu ne. Zango ya yi nisa, ban san halin da ɗakin yake ciki ba, kuma abin yana hana ni sukuni.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Allah Ya sa sabon maganin ya karɓe ka. Umma lafiya, sai ciwon gwiwa da ya taso mata kwanan nan. Ita ce ta tsare ni yau ta ce ba zan tashi daga tabarmar nan ba sai na ba ka amsa.

Ka ce in huta da ɓata takarda, sai na huta. Na san halinka, amma maganar ta same ni a ranar da ba ni da inda zan ajiye ta. Ka ce a hannuna darasin zai mutu. Na karanta wannan a ɗakin malamai, na tashi na shiga bayan kabad ɗin fenti na yi kuka, sannan na wanke fuska na tafi koyar da lissafi.

Na so in bar ka da zatonka, don na ga ya fi maka sauƙi. Amma tunda ka matsa, ga yadda aka yi.

A zangon ƙarshe na bara aka turo kwamiti su duba yadda kowane darasi yake cin lokacinsa, saboda an ce za a ƙara wa kimiyya da lissafi. Mun san ranar zuwansu. Da safe Malam Mai Yumɓu ya ja ni gefe ya ce, "Ke, yau dai ki raba fenti, su shigo su ga launi ko'ina. Ki bar takalmin nan sai sun tafi." Na ce masa a'a. A ranar nan, 'yan aji ɗaya za su fara sabon aiki, kuma sabon aiki da kallo ake fara shi. Na ce Kawu bai taɓa canza darasi don baƙo ba, ni ma ba zan canza ba. Ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a," ya koma wajen tukwanensa.

Na ɗora takalminka a tebur. Wallahi Kawu, ban taɓa samun aji mai kyau irin na ranar ba. Tsit kake ji. Har wani mai ƙiriniya da ba ya zama wuri ɗaya ya sauko daga benci ya durƙusa yana leƙen ƙasan takalmin. A haka suka shigo, su da Shugaba. Suka tsaya a bayan aji suna jira a fara. Da jiran ya ishe su sai babbansu, wani dattijo mai tabarau, ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Malama, me suke yi?"

Na ce, "Kallo suke yi, ranka ya daɗe."

"Kallon me?"

"Takalmi."

Ya dubi takalmin, ya dube ni, ya dubi agogonsa. Bai yi faɗa ba, har murmushi ya yi. Na fara yi masa bayani, sai Shugaba ya ce ana jiran su a ɗakin gwaje-gwaje. Suna fita ba da jimawa ba ƙararrawa ta buga, yara suka ɗau fensir. Na bi su da gudu har baranda ina cewa su dawo su ga rabi na biyu, aka ce mini in an samu lokaci. Ba a samu ba.

Daga baya Shugaba ya kira ni ofis ya gaya mini abin da suka yanke. Sun ce sun gani da idonsu, rabin lokacin zane yara zaune suke ba sa komai, don haka darasi ɗaya ya isa. In kuwa darasi ɗaya ya isa, malami ɗaya ma ya isa. Ta nan aka ɗauke Malam Mai Yumɓu. Ranar da zai tafi bai ce mini "ai na gaya miki" ba, ya dai miƙo mini makullin ɗakin gasa tukwane ya ce in riƙa buɗewa yana shan iska. Da ya zage ni da ya fi mini daɗi.

To ka ji, Kawu. Ban yar da zaman kallo don neman yabo ba. Riƙe shi na yi har ya jawo mana wannan. Yanzu in na ba su minti arba'in na kallo, sai wani makon za su taɓa fensir, lokacin sun manta abin da suka gani. Na gwada, ba sau ɗaya ba. 'Yan ajin ƙarshe da suka zaɓi zane suna ta zamewa, iyaye suna cewa darasin da makaranta ma ba ta ɗauke shi da daraja ba, me zai sa ɗansu ya ɓata lokaci a kai. Ban ga laifinsu ba.

Ban rubuta wannan don in ɗora maka ba. Na gaji ne da ɗauka ni kaɗai.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga 'yata,

Wa'alaikumus salam. Lafiya muke. Ki yi wa Yaya sannu da gwiwa, ki riƙa gasa mata da ruwan ɗumi.

Na karanta takardarki, na ajiye, na sake ɗauka. Innarku ta kawo abinci ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi. Auta, ki yafe mini. Na ɗauki sanda na doki wadda ta tsaya a kan maganata. Da Malam Mai Yumɓu ni ya ja gefe a ranar, amsar da kika ba shi ita zan ba shi, sai dai tawa ta fi taki rashin kunya. Ban taɓa kawowa a raina cewa wanda ya leƙo daga ƙofa ba zai ga abin da nake gani ba. Na zauna cikin ɗakin nan har na manta yadda yake daga waje.

Amma kuka ba zai dawo da darasi ba, ki share ido ki saurare ni. Sun ce malami ɗaya ne, ko? To ga na biyu. Ki je wurin Shugaba ki ce masa tsohon malamin zane zai dawo ya koyar kyauta, ba ya neman albashi, ba ya neman ko kujera, zai zo da tasa. Hannuna ba ya riƙe fensir yadda ya kamata, amma bakina da idona suna nan. Ke ki riƙe manya, ni in riƙe ƙanana. Ki roƙe shi abu ɗaya kawai, ya maido wa ko da 'yan aji ɗaya darasi biyu a haɗe, sannan ya gayyato mai tabarau ɗin nan ya zauna daga farko har ƙarshe. Ni zan ba shi benci da kwali. Ina so in ga abin da zai zana.

Yayanku ya ce ba inda za ni sai likita ya yarda. Na ce masa ni na haife shi ba likita ba. Na sa Innarku ta wanke mini rigunan aiki ta goge, suna nan a jaka. Ɗakin da ke kusa da na Yaya ai babu kowa a ciki, a share mini shi.

Ki je tun kafin su zauna, kada ki tsaya jan ƙafa. Da kin ji amsa ki ba direba, ni kuma in biyo shi.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan jiki da sauƙi. Umma ta ji daɗin sannunka, gwiwar ta lafa.

Kawu, babu abin yafewa tsakanina da kai. Da na ji shiru bayan takardata ta baya, na ɗauka na ɓata maka rai ne har ka rufe babina, na yi ta cizon yatsa. Ashe motar direba ce ta lalace a hanya, ta daɗe a gareji, takardarka kuma tana cikin aljihun gaban motar. Sai shekaranjiya ya kawo ta, duk ta sha baƙin mai, yana ta ba ni haƙuri.

Ta zo a makare. Tun makon jiya suka zauna.

Duk da haka na kai wa Shugaba, don ka ce in kai. Ya karanta a tsaye, sannan ya zauna ya sake karantawa. Ya ce, "Allah Sarki, Malam. Har yanzu yana nan da halinsa." Ya ce ko da ta zo da wuri bai san ko za ta yi aiki ba, domin ba malami kaɗai ba ne, jadawalin ne ya cika, ba inda zai soka ko allura. Ban sani ba ko gaskiya ce, ko kuwa don ya sanyaya mini ne. Daga sabuwar shekara babu darasin zane da ƙira a makarantar. Ni an bar ni a lissafi. Ɗakin kuma za a zuba kwamfutoci a ciki, an ba ni hutun nan in kwashe komai.

Ka cire rigunan daga jaka, Kawu. Rubuta wannan layin ya fi mini komai wuya.

Akwai abin da nake neman shawararka a kai. Na fara kwashe kaya, sai na buɗe dogon kabad ɗin nan na bango, wanda makullinsa ya ɓace tun kafin ka tafi. Kafinta ne ya ɓalle mini shi. Kawu, ashe ba ka taɓa zubar da zanen yaro ko ɗaya ba? Ga su nan ɗauri-ɗauri har rufi, kowace shekara da igiyarta, kowane kwali da sunan mai shi a baya da rubutunka. Gara ta taɓa na ƙasa kaɗan, sauran lafiya lau. Gidanmu ba wuri, ɗakin bayan da ka ce a share maka ma yana yoyo. Mataimakin Shugaba ya ce a kai bayan aji a cinna musu wuta, ko a ba masu shaguna su riƙa ƙunshe kaya. Na ce ya ba ni lokaci in tambayi mai su.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Hannun ya ƙi gaba ɗaya, Innarku ce take rubutawa ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Jiki da sauƙi, kada ki tayar wa Yaya da hankali.

Na ji. Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ba zan ce ban ji ciwo ba, na ji, har yanzu ina ji.

Kin ce za ki tambayi mai su. Ai ba ni ne mai su ba. Ajiya ce. Kowane yaro in zai bar makaranta nakan ce ya bar mini zane ɗaya, wanda ya fi so, in ya girma ya dawo ya karɓa. Suka girma, ba su dawo ba, ni ma na manta ban neme su ba. Kada ki ƙona, kada ki ba masu shago. Ki sa a yi cigiya. Ki gaya wa masu gadi, da masu shagunan bakin makaranta, da malaman da suka daɗe, ki sa a wayar nan taku da kowa ke gani. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin zane ya zo ya karɓi kayansa. Yawancinsu suna nan cikin gari, ba inda suka je. Wanda ya rasu a ba 'ya'yansa.

Naki yana cikin ɗaurin shekararku, wajen tsakiya. Ki ɗauka, kada ki tsaya kunya.

In sun zo ki gaishe su, ki ce Malam yana nan da rai, yana kuma nan da faɗa.

Kawunki

Auta, ni ce Inna. Wannan bai san na ƙara ba. Jakar nan ya hana a kwance ta, tana nan a bakin gado. Abinci sai an yi da gaske. In kin samu hali cikin hutun nan ki zo ki gan shi.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Inna, na gode da rubutu, na kuma ga saƙonki, ina nan tafe ni da Umma da zarar na miƙa ɗakin. Umma ta ce a gaya wa ƙaninta in bai ci abinci ba ita ma za ta zo ta yi masa irin abin da ya ce zai yi wa gishirinta.

Na yi yadda ka ce. Na shimfiɗa ɗaurin a kan bencuna shekara-shekara, na zauna a bakin ƙofa. Kwanakin farko ba wanda ya zo sai iska, har Mataimaki ya fara wucewa yana kaɗa ashana a aljihu. Daga baya suka fara ɓullowa. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo da kayan aikinta a jiki, ta karɓi nata, ta yi ta dariya wai kazar da ta zana ta fi kama da buta. Wata mai shagon yadi ta zo da jikarta. Wani babban mutum bai zo ba, direbansa ya aiko, direban ya ninke zanen gida huɗu ya cusa a aljihu kafin in buɗe baki. Wata tsohuwa ta zo karɓar na ɗanta da ya rasu, ta rungume kwalin ta fita. Da yawa ba su zo ba. Abin da ya rage na ɗaure, ma'aikaciyar jinyar nan ta ce a kai gidanta, tana da wuri a saman kabad. Nawa na gan shi. Ba zan ce komai a kai ba sai na zo.

Jiya da la'asar, ina shirin rufewa, sai ga wani ƙaton mutum ya cika ƙofa, mai walda ne, duk yatsunsa tabon wuta. Ya cire hula kafin ya shigo, wai Malam ba ya son a shiga ɗakin zane da hula a karkace. Muka nemo nasa. Keken mahaifinsa ne ya zana, a jingine da bango, har da igiyar roba da aka ɗaure sirdin da ita. Ya karɓa da hannu biyu, ya zauna a kan ɗan benci, ina jin bencin yana kuka.

Ya ce, "Malama, ni na yi wannan?"

Na ce ga sunanka a baya.

Ya juya ya ga rubutunka, ya sake juyowa. Ya daɗe a haka. Ya ce keken nan an sayar da shi tun yana yaro, mahaifin kuma ya rasu, ba su da ko hotonsa. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce in gaishe ka da kyau da kyau.

A cigiyar da na bayar, Kawu, cewa kawai na yi a zo a karɓi tsofaffin zane. Ban faɗi dalili ba, na kasa. Shi ya ɗauka gyaran ɗaki muke yi, har yana cewa in ana son sabuwar ƙofar ƙarfe a kira shi, ba zai karɓi ko sisi ba. Ya kai bakin ƙofa sai ya juyo yana murmushi.

Ya ce, "Af, Malama, na manta. Baɗi 'yata za ta shigo aji ɗaya. Duk ta cika mana bangon gida da gawayi, uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Kullum ina ce mata ta yi haƙuri, akwai ɗaki guda a makarantar nan da aka gina don irinta. A hannunki zan sa ta."

Na buɗe baki, Kawu. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah Ya kai mu."

Ya ce amin, ya sa zanen a cikin riga don kada ƙura ta taɓa shi, ya tafi yana murna. Gobe da safe zan miƙa makulli. Ka yi shekaru kana ba ni amsa tun kafin in tambaya, yau ga tambaya na kawo. In ya riƙo hannun yarinyar nan ya kawo mini ita, me zan ce mata?

'Yarka,
Auta